Allurar da Likita Tsotetsi Ya Ƙi Yi

A garin Phuthaditjhaba na Afirka ta Kudu, in mutum ya fito daga ɗakin Likita Tsotetsi ba yana murza ɗuwawu ba, masu jira a kan benci sukan bi shi da kallon tausayi, kamar wanda aka tauye wa mudu a kasuwa. Haka mutanenmu suke. Ka biya kuɗinka, a tsira maka allura, ka ɗingisa zuwa tashar mota kana jin lafiya tana ratsa ka. Ƙwaya a wurinsu 'yar rakiya ce kawai. Likitan ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya ajiye allurar ƙarin jini domin tsofaffi, tunda ba ta cutarwa kuma tana kwantar musu da rai.

Mmapitso tun ɗanta Pitso yana goye take zuwa wurinsa, ga shi yanzu Pitson yana aiki a Johannesburg har da furfura a gemu. Likita Tsotetsi ne ya zaro wa yaron ƙwayar wake daga hanci, shi ya gano hawan jininta, shi ne kuma ya tako har gida ya rufe idon mijinta, Ntate Sekhonyana, wato Baba Sekhonyana, kafin ruwan farko na bana. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa buɗe jaka a asibitinsa ba. Katin inshorar lafiya ne na kamfanin bas ɗin da mijin yake wa tuƙi, a miƙa, a shiga, a fito. Da mijin ya rasu katin ya bi shi kabari. Masu inshorar sun ce in tana son ci gaba sai ta riƙa zubawa da kanta duk wata, ita kuwa ɗan kuɗin fanshon da ake ba ta ba na wannan wasan ba ne.

Ranar da ta zo, cikin baƙi ta zo daga ɗankwali har takalmi. A dangin mijinta mai takaba tana zama cikin baƙi har sanyi ya shigo, a girbe masara, sannan dangi su taru a yanka tunkiya a cire mata. Kafin nan ba ta kwana a wani wuri, rana kuma ba ta faɗuwa tana waje. To ga shi Kirsimeti bai daɗe da wucewa ba, a nan kuwa lokacin tsakiyar damina ne, masara ko goyo ba ta fara ba.

Ta ce masa ciwon jiki ne. Ya dube ta ta saman tabarau, don ya san halinta: Mmapitso ba ta faɗin abin da ya kawo ta sai ta kama hanyar ƙofa. Ya auna jini, ya tambayi labarin Pitso, ya jira. Sai da ta miƙe tana gyara bargonta sannan ta ce, fuskarta na kallon bango, wai akwai wani ɗan abu mai tauri a nononta na hagu, ta ji shi wurin wanka, ai ko ciwo ba ya yi.

Ya kira ma'aikaciyar jinyarsa ta tsaya, ya duba. Ya daɗe yana dubawa, har cikin hammata. Mutumin da ko ƙurji yake matsewa bakinsa ba ya hutawa da zolaya, yau ya yi gum, shirun nan kuwa shi ya fara tsinka mata zuciya. Da ta mayar da riga ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya gaya mata ba ya son abin da hannunsa ya ji. Dole a ɗauki hoto, a ciri ɗan nama a gwada, kuma wannan aikin babban asibitin gwamnati ne da ke Bloemfontein. Akwai motar marasa lafiya da ke kai mutane kyauta.

"Yi mini allura dai, Ntate, ya narke."

"Wannan ba na allura ba ne, Mme," ya ce, wato Inna.

"To yi mini wadda za ta riƙe shi zuwa sanyi. Ina cire baƙi zan je duk inda ka ce."

"Ba zai jira sanyi ba," in ji shi. "Ni kuma ba zan yi miki allurar da za ki koma gida kina cewa an yi magani ba."

Kalma ɗaya ce ta zauna mata a kunne, gwamnati. Tun da ta yi aure ba ta sake zama a layin asibitin gwamnati ba, amma ba ta manta shi ba. Ta san fitowa da asuba, ta san matsawa daga wannan benci zuwa wancan, ta san yadda ake kiran mutum da lamba a ɗakin da babu wanda ya san sunan uwarsa, yau wannan likita gobe wani. Sai ta ƙulla a ranta cewa da katin yana raye da ba a yi mata haka ba. Wato shekarun nan duka kati ake wa gaisuwa, ba ita ba. Ba gaskiya ba ne, amma mai jin tsoro ya fi son ya sami wanda zai yi fushi da shi.

A wurin biya ma'aikaciyar ta ce likita ya ce a bar shi, wannan kuma ya ƙara mata zafi. Ta ajiye kuɗinta a kan tebur, ta ce ba bara ta zo ba. Ta ratsa masu jira a miƙe, ba ɗingishi, wata tsohuwa har tana taɓa ta kusa da ita tana nuna ta da baki.

A bakin ƙofar gida ta tarar da Ausi Dikeledi, wato Yaya Dikeledi, yayar marigayi, ta yi tagumi da hannu ɗaya tana auna rana da ido. Ita ta aske wa Mmapitso kai ranar jana'iza, ita ta sa mata baƙin da hannunta, ta kuma kwaso kayanta daga ƙauye ta tare a gidan don ta ga an yi takabar ƙaninta yadda ake yi. Tun ranar da aka kawo Mmapitso amarya ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Dikeledi ta ce tuwonta ruwa-ruwa ne, ita kuma ta ce Dikeledi ko ruwan sama sai ta gaya masa inda zai zuba. Yanzu ga su a ɗaki ɗaya suna kwana, kowace tana ƙorafin minsharin 'yar'uwarta.

"Likitan naku ya ce me?"

"Gajiya ce."

"Gajiyar me, ke da ko tsintsiya na hana ki ɗauka?"

Mmapitso ta wuce ciki.

Kwanaki suka yi ta tafiya, abin yana nan inda yake. Duk safiya sai hannunta ya kai wurin da fatan ya tafi da kansa. Wata rana ta ce za ta sayo sukari, ta zarce wurin wani sabon likita da ya buɗe kusa da manyan kantuna, yaro mai fara'a da bai san ta ba. Ta ce masa ciwon jiki ne. Bai jira ta kama hanyar ƙofa ba, ta ina zai san ana jira? Ya yi mata allurarta, ta fito tana murzawa kamar kowa. Kafin ta kai tasha kunya ta kama ta, don ta san wa ta yaudara.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci sai ga tsohuwar motar Likita Tsotetsi a ƙofar gida. Ya fito hannu rabbana, ba jaka, ba abin awo. Ya ce wucewa yake yi ya ga bai kamata ya wuce gidan abokinsa ba gaisuwa ba, alhali kowa ya san titin nan ba ya kai mutum ko'ina sai gindin dutse. Dikeledi ta kawo masa kujera da kunun dawa mai tsami, ta tsaya ta ji ko akwai labari, da ta ga hirar ruwan sama ake yi sai ta ɗauki kwando ta zagaya baya tsinkar wake.

Tana ɓacewa Mmapitso ta sauke abin da ke ranta. Ta ce ba ta taɓa zaton ranar da katin Sekhonyana ya mutu za a nuna mata hanyar layi ba. Ta ce shi ne likitansu, shi ya san jikinta, in yanka ne ya yanka a ɗakinsa mana, ai ta ga yana ɗinke mutane.

Bai yi fushi ba. Ya juya kofin a hannunsa, ya ce, "Mme, ko da katin yana nan tura ki zan yi. Bambancin kawai, can akwai labule mai kyau da shayi a kan tire. Wuƙar da za ta yi wannan aikin ba ta hannuna. Waɗanda take hannunsu kuwa, da yawansu da safe suna na gwamnati, da yamma suna na kuɗi, hannun ɗaya ne."

Bai ɓoye mata ba, ya ce akwai layi, akwai jira, wani lokaci na'ura takan lalace a ce a dawo. Shi ya sa ba ya son a ƙara jiran sanyi a kan jiran da ke can. Ya riga ya yi waya da likitar da ke duba irin wannan ciwon, an ba ta ranar Talata mai zuwa, an kuma ajiye mata kujera a mota.

Nan fushin ya ƙare mata, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito. Ta ce motar nan ba ta dawowa sai dare ya yi, kowa ya sani. In kuma aka ce yanka, kwana za ta yi can, a tuɓe mata baƙi a sa mata rigar asibiti. Ta shafa gefen zanenta.

"Abinci ba na dafa wa Sekhonyana, Ntate. Wanki ba na yi masa. Wannan kaɗai ya rage da nake masa. In na ajiye tun lokaci bai yi ba, na bar shi ke nan shi kaɗai."

 Likitan ma ya taɓa binne matarsa, ya san ba maganar da ake amsawa da ilimin asibiti ba ce. Sai ya ce shi ba zai gaya wa kowa ba, ko Pitso, sirrin gidan nan bai taɓa fita ta bakinsa ba kuma ba yau zai fara ba. Amma baƙin nan ba shi ya sa mata ba, ba shi da ikon cewa komai a kansa. Wadda ta sa tana bayan gida. Ya shanye kununsa, ya ɗaga murya ya yi wa Dikeledi sallama, ya tafi.

Da la'asar suna zaune a kan tabarma suna ɓarar waken, Dikeledi tana mitar cewa likitocin yanzu ba su da aikin yi sai shan kunun mutane. Mmapitso ta buɗe baki sau biyu maganar ta ƙi fita. Sai kawai ta kama hannun Dikeledi, da ɓawon wake a ciki, ta cusa shi ƙarƙashin rigarta ta danna a wurin.

Mitar ta tsaya cak. Yatsun tsohuwar suka zagaya abin a hankali, suka sake zagayawa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti."

"Kirsimeti." Ta zare hannunta. "Muna kwana ɗaki ɗaya, kina jin minsharina kina ƙirgawa, ba ki iya buɗe baki ba? Ni dodo ce?"

"Kusan haka, Ausi."

Dikeledi ta yi tsaki, amma idonta ya riga ya kawo ruwa, ta goge da bakin bargo tana cewa hayaƙin maƙwabta ne. Mmapitso ta gaya mata komai, Bloemfontein, motar Talata, dawowar dare, rigar asibiti. Ta ce ta san sai an tara dangi, sai kawunnan da ke Lesotho sun hauro, sai an sami tunkiya, shi ya sa ta ce a bari sai sanyi.

"Kawunnai," in ji Dikeledi. "Waɗanda in ka aika musu yau sai an yi girbi biyu su iso, su ma don nama. Ke, me aka ce? An ce kada rana ta faɗi kina wajen gidan mijinki. To wane ne gidan mijinki? Wannan bulon da kwanon? Ciki ɗaya muka fito da shi, ni na goya shi. Duk inda na zauna nan ne gidan Sekhonyana, wanda ya fi ni sani ya zo ya faɗa a gabana."

"In suka ce in tuɓe fa?"

"Ni na sa miki, ni zan cire, in riƙe a cinyata har su gama, in mayar miki. Ba zan ɗinka wa Pitso baƙi sau biyu a shekara ɗaya ba." Ta jawo kwandon gabanta. "Ɓare waken nan, kin zauna kina kallona."

Washegari su biyu suka je wurin Likita Tsotetsi, don motar marasa lafiya ba ta ɗaukar ɗan rakiya sai likita ya ce ana bukata. Dikeledi ba ta jira a ba ta kujera ba. Ta ce masa ya rubuta, kuma ya sani ta ji haushinsa, ya zauna ya sha kununta yana da magana irin wannan a ciki. Ya ce laifinsa ne, kunun kuma ya yi daɗi. Yana rubutu Mmapitso tana kallon ƙeyarsa, duk ta yi fari, ba ta san yaushe ya tsufa haka ba. Da suka miƙe ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Shi ma ya ajiye alƙalami, don ya sani.

"Zan dawo, Ntate?"

"Ban sani ba, Mme. Da na sani da na faɗa miki. Abin da na sani, mai tafiya yanzu ta fi mai tafiya da sanyi dawowa."

"In sun yanka, wa zai duba ɗinkin? Can ba su san ni ba."

"Wa kuwa? Nan za ki zo in duba, in yi miki faɗan gishiri kamar kullum."

"Ba ni da kati."

"Katin ne yake da hawan jini ko ke?"

Ta so ta ba shi haƙuri a kan abin da ta zarge shi da shi, amma Dikeledi ta riga ta ja hannunta tana cewa za su rasa motar gida.

Asibitin Bloemfontein bai ba ta mamaki ba. Benci ne bayan benci, da lamba a hannu, da wata ma'aikaciya mai kiran suna kamar tana jin haushin sunan. Sun ci rabin guzurinsu a layi. Amma da aka shigar da ita, likitar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar matar Pitso ba, ta duba takarda ta ɗago ta ce, "Au, ke ce ta Ntate Tsotetsi. Ya dame ni da waya, har ya ce in gaya miki kada ki ce mini ciwon jiki ne." Mmapitso ta ji wani abu ya kwance a ƙirjinta. A bayan labule Dikeledi ta cire mata baƙin ɗaya bayan ɗaya, ta ninke, ta zauna da shi a cinya tana hararar duk wanda ya matso. Aka ɗauki hoto, aka ciri naman. Likitar ta ce sai sakamako ya fito, amma ga dukkan alamu yanka za a yi, kuma gara da ta zo yanzu. Ba ta ce fiye da haka ba.

Ba su baro garin ba sai da rana ta yi sanyi, don mota ba ta tashi sai an sallami na ƙarshe. Suna cikin filin nan da ba ya ƙarewa, gonakin masara hagu da dama, hasken ya fara ja. Mmapitso ta juya ta tagar baya ta ga rana ta taɓa ƙasa. Tun da aka binne Sekhonyana ba ta ga faɗuwarta ba sai daga tsakar gidansa. Duk abin da Dikeledi ta faɗa a kan tabarma ya gudu daga kanta, tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ji take ta yi masa laifi, yana can gida yana nemanta ɗaki-ɗaki.

Dikeledi ta lura. Ta gyara zama, ta buɗe bargonta ta lulluɓe su su biyu, ta kama hannun Mmapitso ta riƙe gam. Sannan ta yi gyaran murya ta yi magana a fili, da muryar da take aikensa ɗiban ruwa suna yara, ba ruwanta da mutanen da ke cikin motar.

"Sekhonyana, Dikeledi ce. Muna hanya, mun wuce Senekal. Matarka tana nan a gefena, baƙinta a jikinta. Ba ita ta fito ba, ni na fito da ita, kuma zan sake fitowa da ita har sai an gama. In kana da magana, da ni za ka yi. Ka yi ta jiranta, ba yanzu za ta bi ka ba."

 Wani tsoho mai bandeji a wuya ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mmapitso ta kifa kanta a kafaɗar da ta yi shekaru tana gudu, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza, Dikeledi kuwa ta bar ta ta yi abinta. Da duhu ya rufe, direba ya kunna fitila, tsohuwar ta kwance ƙullin guzuri da hannu ɗaya, ta gutsuro burodi ta tura mata a baki.

"Ci," ta ce. "Da sauran tafiya."